Hannun Likita a Kan Dutsena

Ku da kuke turo mini saƙo kuna cewa in rage baƙar magana, na gani. Ba zan rage ba. Wanda yake son labarin da ake kuka a kan filo ya gangara ƙasa, akwai su da yawa.

Ga sababbin zuwa: na yi shekaru a wata ƙasa mai nisa, mai sanyin tsiya, ina koyon zane da fenti da sassaƙa da buga hoto. A na ƙarshen na ƙware. Satin da na dawo, Mama ta tara ƙawayenta a falo, ɗaya ta tambaye ta me 'yarta ta karanto. Mama ta dube ni, ta dubi fanka, ta ce, "Wani reshe ne na injiniya."

Yaya bai tsaya ɓoye-ɓoye ba. Tun rasuwar Baba ya gaji muryarsa da gyaran muryarsa, yana da shagon sayar da tayil da famfunan banɗaki. Ya zaunar da ni ya ce, "Mai Fenti, kwalejin nan ta ɗauke ki aikin koyarwa na gwaji, zango ɗaya, ko? To. In sun tabbatar da ke, bakina alaikum. In ba su tabbatar ba, ki ajiye wasan yaran nan ki zo shago. Tunda kin san kala, sai ki riƙa taya mutane zaɓen tayil."

Na amince a gaban Mama. Shekaru ina daskarewa a ƙasar mutane don in ƙare ina gaya wa matar wani cewa ruwan toka ya fi ɓoye datti.

Sai kuma Likita. Abokin Yaya ne, likitan haƙori, mai neman aurena. Farar riga kullum, guga kamar za ta yanka mutum, ƙamshin maganin kurkure baki yana riga shi shigowa. In kina magana, bakinki yake kallo, ba don soyayya ba. Saƙonninsa da aya da waƙafi, kamar takardar gwamnati: "Barka da safiya, Malama. Da fatan kin tashi lafiya. Ki rage shayi mai zafi sosai."

Ba shi da aibu. Na duba. Wannan ce matsalar.

"Ni ba takura miki nake ba," in ji Mama, tana ninke mayafaina da ban ce a ninke ba. "Amma likita ne fa."

"Na haƙori."

"Haƙorin ba a jiki yake ba?"

"Mama, ban ce ba na so ba. Cewa na yi ban sani ba."

"A shekarunki na san yarana uku da sunan makarantarsu. Ke har yanzu ba ki sani ba. Da can ɗin me aka koya miki?"

Ga abin da aka koya mini. A ɗakin buga hoto na kwalejin na tarar da wani faffaɗan dutse mai launin madara, an tokare ƙofa da shi, ɗalibai suna zama a kai suna cin biskit. Dutsen buga hoto ne. Ba wanda ya taɓa amfani da shi tun kafin a haifi waɗanda ke zama a kansa. Injin matse shi yana kusurwa, ƙarƙashin karyayyun kujeru da wani kan mutum na siminti da ba hanci. Na sa aka ɗora dutsen a tebur, na yi kwanaki ina goge fuskarsa da yashi mai laushi da ruwa har kafaɗuna suka daina gaisawa da ni.

Aikin ba wuya a faɗa. Ana zane a kan dutsen da alli mai maiƙo. A shafe shi da ruwan ƙaro, a bari ya bushe. Ranar bugu a wanke, a jiƙa dutsen da soso, a murza tawada a kai. Inda maiƙo ya taɓa, tawada ta kama. Inda bai taɓa ba, ruwa ya kore ta, wurin ya fito fari. Sai a ɗora takarda a matse. Dutsen ba ya bambance maiƙon alli da maiƙon yatsa. Kuma ba ya nuna abin da ya sha sai ranar tawada. Shi ya sa darasin farko a ko'ina a duniya shi ne: cire hannunka.

Shugaban sashenmu Farfesa ne, masassaƙi. Yana yawo da ƙyalle a wuya ko da ana zufa, kuma rabonsa da riƙe guduma tun ina rarrafe. Ba ya son 'yan dawowa.

"Ku 'yan waje, a takarda kowa gwani ne," ya ce. "Ranar da kwamitin tabbatar da ke zai zauna, a gabanmu za ki fara sa wa dutsen nan tawada. Ba gwaji a ɓoye. Mu gani da idonmu ko hannunki ne ya yi karatun ko bakinki."

Ya ɗauki gwangwanin tawadar guda ɗaya da sashen ya mallaka, ya kulle a kabad ɗin ofishinsa, tare da sukarinsa.

Falon Mama na zana. Kujerun da har yau ba a cire musu leda ba, kabad ɗin farantan da ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba, furen roba, labule mai nauyin bargo, hoton Baba da ya ɗan karkace kowa yana tsoron gyarawa. Komai na cika shi da duhu, layi a kan layi. Abu ɗaya na bari: babbar kujerar baƙi da ke tsakiya. Ban sa mata alli ba ko ɗigo. Duhun da ke kewaye ne ya fitar da siffarta, ita kuwa farin dutse ce tsantsa. Makonni na yi a kai, ina zane da katako a ƙarƙashin hannu don kada fatata ta taɓa, da ƙyalle a baki don kada numfashina ya sauka.

Ranar da na gama zanen, kafin in shafa ƙaro, Mama ta ga ya dace ta turo mini abinci. Ba ta taɓa turowa ba. Wanda ta samu ya kawo, cikin duk mutanen duniya, shi ne Likita, da Auta ƙanwata a bayansa tana taunar cingam.

"Wai nan ne?" in ji Auta. "Anti, wurin nan warin gareji yake." Ta sami kan simintin nan marar hanci ta fara ɗaukar hoto da shi.

Na tsaya tsakanin Likita da tebur. "Dokoki. Ba a taɓawa. Ba a atishawa. Ba a nuni da yatsa kusa."

"Kamar ɗakin tiyata," ya ce.

"Ya fi. Can in an yi kuskure mutum ɗaya ne zai ji zafi, kuma ba ni ba ce."

Ya ajiye kular, ya mayar da hannuwansa baya kamar ɗan makaranta, ya sunkuya. Na ɗauka zai ce "ma sha Allah, kamar hoto," abin da kowa ke cewa kafin ya duba agogo. Bai ce ba. Ya daɗe yana kallo har na fara jin haushi.

"Kin sa yagewar ledar nan ta hannun kujerar Mama," ya ce. "Wadda take rufewa da gwiwar hannu in an yi baƙi."

Farfesa ya ga zanen nan, ɗalibai sun gani, ba wanda ya lura da yagewar. Kada ku fara, don Allah. Mutumin da ke neman ƙaramin rami a haƙori duk yini dole ya ga yagewar leda. Sana'a ce.

"Me ya sa komai ya juya? Ƙofar tana hagu."

"A takarda zai dawo daidai."

"Wato ke kina zana abu a juye, kina yarda zai gyaru daga baya."

"Likita, abinci aka aiko ka da shi ko wa'azi?"

Ya yi dariya, haƙora reras, tallar kansa. Daidai nan aka leƙo aka ce Farfesa na nemana. Na je, ya riƙe ni yana ba ni labarin wani baje koli da ya halarta lokacin yana da gashi. Da na dawo, Likita yana tsaye inda na bar shi, hannuwa a baya.

"An taɓa?"

"Ban taɓa zanenki ba," ya ce.

Suka tafi. Na shafa ƙaro, na rufe dutsen, na ci abincin.

Washegari da rana, ina tsakiyar nuna wa 'yan aji ɗaya yadda ake fere fensir, abin da na ƙetare teku don in koyar, saƙo ya shigo.

"Barka da rana, Malama. Wani abu ya tsaya mini a rai. Jiya da na sunkuya in ga hoton Baba da kyau, na ɗan dafa dutsen. Amma ki kwantar da hankalinki, na kula sosai. Inda babu zane na dafa."

Na fita baranda na kira shi.

"Ina ne inda babu zane?"

"Tsakiya. Farin wurin nan."

"Da yatsa?"

"Da tafi."

"Likita."

"Hannuna tsaf yake, wallahi. Kin san aikina. Na wanke kafin in fito, har mai na shafa, saboda sabulun asibiti yana busar da fata."

Har mai ya shafa. Jama'a, da wani ƙazami ne ya shigo da ƙura a hannu, da wataƙila na tsira. Sai Allah ya haɗa ni da mai tsafta.

"Me zai faru?" ya ce, muryarsa ta sauka.

"Ka san tayil?"

"Tayil?"

"In za ka sake na banɗakinka, ka zo wurina. Zan yi maka ragi."

Na kashe. Ya kira, ban ɗauka ba. Ya turo: "Ki gaya mini abin da zan yi." Ba abin yi. Shaidar ba ta ganuwa, balle in kankare ta. In na goge dutsen gaba ɗaya, aikin makonni ya tafi, kwamiti kuma jibi. Na je wurin Farfesa na roƙi cokali ɗaya na tawada in gwada in ga ɓarnar.

"Tsoro ya fara?" ya ce, yana murmushi. "Ai na faɗa. Takarda."

Da yamma Yaya ya turo hoto a zauren iyali na waya: wani ƙaramin tebur a kusurwar shagonsa, tsakanin tulin tayil da jerin kawunan famfo, an goge shi, an ɗora furen roba. A ƙasa ya rubuta, "Just in case," sannan ya tuna Mama ba ta jin wannan, ya ƙara, "Ko da za a buƙata." Mama ta sa hannun addu'a. Ban san wanne take roƙo ba.

Ranar kwamiti na sa doguwar riga baƙa, don in tawada ta zuba kada a gani, da ƙaramin mayafi da na ɗaure ta baya. Mama ta bi ni har ƙofa da wani mai duwatsu masu ƙyalli. "Ki sa wannan, ki yi kama da mai aiki." Na ɗora rigar aikina a kai, mai tabon shekaru, na fita.

Su uku ne. Farfesa da ƙyallensa. Wani daga ofishin gudanarwa da ya zo da agogonsa don ya riƙa kallo. Sai Malamar Fenti, 'yar siririya mai gilashi a kan hanci, wadda ita kaɗai a sashen take aiki da hannunta har yanzu, kuma ita kaɗai nake tsoro. Ɗalibai sun cika bayan ɗaki, kowa ya ɗaga waya. Yaran yanzu ko gobara ce sai sun ɗauka kafin su gudu.

Farfesa ya miƙo gwangwanin kamar yana ba ni amanar marayu.

Na wanke ƙaron. Na goge allin, zanen ya dushe ya koma inuwa, ɗalibai suka yi "ah," kamar yadda ake yi kullum. Na jiƙa dutsen. Na murza tawada a kan faranti har ta fara wannan 'yar ƙarar da ke nuna ta yi daidai. Na ɗora abin murzawa a kan dutsen, na tura.

Labule ya fito. Kabad ya fito, faranti ɗaya-ɗaya. Hoton Baba da karkatarsa. Wallahi ya yi kyau, ba yabon kai ba. Na sake jiƙawa, na sake turawa.

Sai ga shi. A tsakiyar farar kujerata, tafin hannun namiji, yatsu a buɗe, baƙi wuluk. Kowane layi na tafin ya fito, har zanen kan yatsu. Ban taɓa ganin abin da ya bugu da kyau haka ba a rayuwata. Ko wane mai ne yake shafawa, ya kamata kamfanin ya san darajarsa.

Na ɗora takarda, na matse, na ɗaga, don hannuna ya san aikinsa ko da kaina ya tafi shagon tayil. Na shimfiɗa hoton a gabansu.

Farfesa ya matso. Ya ja baya. Ya karkata kai. Ya taɓa ƙyallen wuyansa.

"Hmm," ya ce. "Kutse. Jiki ya kutsa cikin rashi."

Na ofis ya ɗago daga agogo ya gyaɗa kai, kamar shi ma abin da zai ce ke nan.

Malamar Fenti ba ta karkata kai ba. Ta dube ni ta saman gilashi. "'Yata, ni na san dutse. Wanda ya bari aka dafa masa dutse, ba a ba shi ɗalibai, don satin farko ake koyon wannan. Tambaya ɗaya zan yi. Da gangan ne?"

Ga gaskiya a gabana: na shigo da baƙo ɗakin aiki, na bar shi da dutse a buɗe, na tafi sauraron tarihin gashin Farfesa. Ga kuma tebur da furen roba.

"Da gangan ne, ranki ya daɗe."

"Hannun wa?"

Nan ne wurin. In na ce na wani ne kawai, ta kama ni, don ba mai ɓata aikin makonni da hannun wani kawai. Dole hannun ya zama na wanda ya isa. Ba nawa ba ne, kowa na ganin girmansa. Baba ya rasu. Yaya kuwa ko a ƙarya ba zan ba shi wannan matsayin ba.

"Na wanda zan aura ne."

Bayan ɗaki ya ɗauki "iyee!" Ni kuwa bakina ya ci gaba shi kaɗai. Ku sani, babban abin da ake koyarwa a makarantun can ba zane ba ne. Yadda za ki tsaya a gaban kuskurenki ki yi masa lacca har a tafa miki, shi ne. Na ce wannan kujerar ita ce wadda ake zaunar da mai neman aure. Na ce duk falon an gina shi ne yana jiran wanda zai zauna a kanta. Na ce na bar ta fara don ba ni da ikon zana ta, sai shi ya zo ya sa hannunsa da kansa, ba tare da ya ga abin da ya bari ba. Ina faɗa ina jin ƙyamar kaina, kuma abin da ya fi ba ni haushi, ban ji inda maganar ta karkace ba.

Malamar Fenti ta daɗe tana kallona. Ta san ƙarya, ta shekara talatin tana sauraron ɗalibai. Sai ta sake duban hoton.

"Ko ma yaya ne," ta ce a hankali, "ya fi kyau da hannun."

Wannan ya fi mari zafi.

Farfesa ya riga ya tashi sama. An tabbatar da ni, in ji shi, takarda za ta biyo baya da zarar ya sa hannu. Hoton zai shiga baje kolin ƙarshen shekara, a bangon da ke kallon ƙofa. "Kuma mai hannun zai tsaya a gefensa ranar buɗewa. Aiki da tushensa! Ba ni lambarsa, ni da kaina zan gayyace shi. Ina so in ji yadda kuka tsara abin, daga bakinsa."

Ya miƙo wayarsa a gaban kowa, Malamar Fenti tana kallo. Na rubuta lambar.

Kafin in gama wanke kayan aiki, wayata ta fara rawa a aljihu. Wata ɗaliba ta sa bidiyon, wata ta tura wa wata, ya isa wurin Auta, wadda ba ta taɓa riƙe magana ta kai minti ba. Zauren iyali ya kama da wuta. Mama ta turo saƙon murya, rabinsa kuka rabinsa jerin mutanen da za a gaya wa. Yaya ya rubuta, "Mai Fenti, ashe kina da hankali." Ko kalma ɗaya ba wanda ya yi a kan aikin da na samu.

Daga Likita, babu komai. Mutumin da ke tuna mini zafin shayi.

Na tarar da motarsa a ƙofar gidanmu, bai shiga ba. Daga ciki ana jin muryoyin ƙawayen Mama, har sun iso. Ya sauke gilashi. Rigar ta yamutse, abin da ban taɓa gani ba.

"Shigo, Malama. Minti biyu."

Na zauna a gaba, na bar ƙofar a buɗe, ƙafa ɗaya a waje.

"Na ga bidiyon," ya ce. "Na taya ki murnar aiki. Kuma ki yafe mini dutsen."

"Ya wuce. Ka ma gyara shi, in ji masana."

Bai yi dariya ba. "Mahaifiyata ta kira ni tana kuka. Ban san me zan ce mata ba, sai na ce ina da marar lafiya a kujera."

"Likita, ka san yadda abin yake. An matse ni ne. In takardar ta fito, sai a bari maganar ta huce, a ce ba a daidaita ba. Ana yi."

"Ana yi," ya ce. "Ni ne ban iya ba. Shekaranjiyan nan kika ga ko dafa dutse na kasa ɓoyewa." Ya juyo. "Ina son ki, kin sani, ba sai na yi lacca ba. Amma ba zan tsaya kusa da hoto kamar gunki ina yi wa mutane murmushi a kan abin da ba shi ba. In Farfesanki ya tambaye ni, abin da yake gaskiya zan gaya masa. Ko in ce na dafa bisa kuskure, ko in ce ni ne wanda za ki aura. Duk wanda kika ce shi ne, shi zan faɗa. Amma in na faɗa, ya zauna."

"Wannan ai ƙwace ne."

"Ni na ce ki faɗa a gaban waya hamsin?"

Daga ƙofar gida Auta ta leƙo, ta gan mu, ta koma da gudu tana kiran Mama.

Wayarsa ta haska a tsakaninmu, baƙuwar lamba. Na san ta, ta Farfesa ce. Tana manne a ƙofar ofishin sashenmu.

"Tun ɗazu yake kira ina ƙyalewa," in ji Likita. "Babba ne, ba zan sake bari ta katse ba."

Ya ɗauki wayar, ya ɗora yatsa a kai.

"Me zan ce masa, Malama?"